Yaro ya yi ƙiba, an ɗora wa bokon uwarsa laifi

Wasiƙar da zan amsa yau ta fito ne daga wata baiwar Allah da ke zaune a Samaru, kuma ga abin da ta rubuto a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Ni malama ce mai digiri biyu, ina fita aiki da safe, ba na dawowa sai bayan la'asar. Ɗana na fari shekararsa 9, nauyinsa kilo 44, tsayinsa santimita 138. A makaranta yara sun laƙaba masa Ɗan Lukuti, har ya daina shiga ƙwallo. Da muka je ƙauyen su maigida a ƙasar Giwa da Babbar Sallah, ya tsaya cikin 'ya'yan ƙannen babansa ya kusa ninka kowannensu, su kuwa sai guje-guje suke yi ba gajiya. A hanyar dawowa maigida ya ce duk karatun da na yi ban iya kiwon yaro ba, matan da ba su taɓa shiga aji ba sun fi ni, kuma idan an yi dogon hutu zai kai shi can ya zauna har ya zabge. Hajiya mahaifiyarsa, wadda muke zaune tare, cewa take yi a ƙyale mata mijinta, jikin gidansu ne, kuma ita ce take ba shi lemon kwalba idan ba na nan. Shin bokona ne ya jawo? In bari a kai shi ƙauyen? Wata kuma ta ce in riƙa ba shi shayin rage teɓa."

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin kyauta da kika haɗo da tsayin yaron, domin yawancin iyaye nauyi kaɗai suke faɗa, alhali nauyi ba ya nuna komai sai an gwama shi da tsayi da shekaru. Idan aka raba kilo 44 da tsayinsa a mita sau kansa, wato 1.38 sau 1.38, abin da zai fito ya ɗan haura 23. Da babban mutum ne, da sai a ce lafiya lau, tunda ma'aunin manya ba ya kiran mutum mai nauyi fiye da kima sai ya kai 25, kuma iyaye da yawa suna yin wannan lissafi a waya su ga haka su kwantar da hankalinsu. Ma'aunin yara dabam yake. A jadawalin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 domin 'yan shekara 5 zuwa 19, yaro namiji ɗan shekara 9 yana tsakiya ne a wajen 16, idan ya wuce kimanin 18 ya shiga sahun masu nauyi fiye da kima, idan kuwa ya haura tsakanin 20 da 21 to ƙiba ce wadda likita yake ɗauka da muhimmanci. Saboda haka damuwarki tana kan hanya, kuma gara da kika yi ta yanzu yana 9 da a ce sai ya kai 15.

Tambayarki a kan boko ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin akwai ɗan abin da maigidanki ya hango daidai, sai dai ya yi masa fassarar da ba ita ba. A ƙasashe irin namu, binciken da ake yi gida-gida ya daɗe yana nuna cewa ƙibar yara 'yan makaranta ta fi yawa a birni fiye da karkara, kuma ta fi yawa a gidajen da ke da abin hannu da iyaye masu karatu. Haka abin yake ga manya ma. Binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2018 ya samu kashi 28 cikin 100 na matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da nauyi fiye da kima ko ƙiba, kuma adadin ya fi yawa ga matan birni da waɗanda suka yi nisa a karatu. Amma idan kika duba Ingila da Amurka za ki tarar da akasin haka ƙiri-ƙiri. A Ingila, inda ake auna 'yan firamare duk shekara, ƙiba a unguwannin da suka fi talauci ta kai ninki biyu na wadda ake samu a unguwannin masu hali. A Amurka yaran karkara sun fi na birni ƙiba, kuma 'ya'yan iyaye masu digiri su ne suka fi tsira. Da takardar shaidar karatun uwa ce take sa yaro ƙiba, da ba za ta yi wannan aiki a Zariya ta yi kishiyarsa a Landan ba.

Abin da ke faruwa shi ne, a can abincin masana'anta mai sukari da maiƙo shi ne mafi araha, shi ya sa talaka ya fi cin sa. A nan kuwa har yanzu sai mai albashi yake iya sayen katan ɗin lemon kwali ya ajiye, ya cika firji, ya sa wa yaro biskit da soyayyen dankali a jakar makaranta kullum. Karatunki ya samo miki aiki, aikin ya kawo kuɗi ya kuma cinye lokaci, kuɗin ya sayo mota da talabijin da gida mai katanga da ƙofar ƙarfe, ƙarancin lokacin kuma ya sa abin da ya fi saurin haɗuwa shi ne ake bai wa yaro. Maigida ma yana cikin wannan rayuwa dumu-dumu, domin ba ke kaɗai kika zaɓi unguwar da makarantar da motar ba, kuma zan yi mamaki idan ba ya shigowa da ledar tsire ko gasasshiyar kaza da lemo mai sanyi bayan isha'i. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Ba ina cewa ki mayar masa da wannan magana ba ne, ki dai san ta a ranki domin ki daina kwana da zargin kai.

Shi wannan binciken na 2018 ya nuna ɗaya gefen da ba a faɗa miki a mota ba. 'Ya'yan matan da suka yi karatu sun fi samun cikakken riga-kafi, kuma tsumburewa ta fi ƙaranci a cikinsu nesa ba kusa ba. A ƙasa baki ɗaya kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba saboda daɗaɗɗen ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan ciwo, a shiyyarmu ta Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57, kuma a karkara abin ya fi muni. Masu nauyi fiye da kima a wannan rukuni kashi 2 ne kacal. Don haka idan kika ga yaron ƙauye siriri yana tsalle, mai yiwuwa ne lafiyayye ne sarai, mai yiwuwa ne kuma ɗan shekara 11 ne da jikin ɗan shekara 8, ko kuma yana fama da ƙarancin jini ba wanda ya sani. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wannan batu ido yana yawan ruɗuwa, domin idanunmu sun saba da ganin ƙananan yara har mun ɗauka haka girman yaro yake. Ba na kushe matan ƙauyen su maigida, waɗanda suke renon yara da abin da bai kai rabin naki ba, amma ba daidai ba ne a mayar da jikin 'ya'yansu ma'auni ba tare da an auna su ba.

Wannan ya kawo mu batun kai shi ƙauye, kuma ra'ayina shi ne kada a yi shi da wannan manufa. Yaro ɗan shekara 9 ba jariri ba ne, zai gane cewa an kore shi ne saboda jikinsa, a daidai lokacin da abokansa suka riga suka koya masa jin kunyar jikin. Ban da haka, ɗan birni a ƙauye baƙo ne, kuma kowa ya san yadda ake yi wa baƙo: wannan gida a dama masa fura da nono a zuba sukari, wancan a yanka masa zakara, gwaggo ta aiko da ƙuli-ƙuli da mazarƙwaila, ga kantin bakin hanya da yanzu babu irin alewa da lemon leda da ba ya sayarwa. Dogon hutu kuma a tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani, kuma idan ya dawo a rame saboda zazzaɓi ko gudawa ba wanda zai kira wannan nasara. Ko da ya zabge da gaske a mako shida, gidan da ya bari zai tarar, da firjinsa da talabijin ɗinsa, jiki kuwa zai mayar da abin da ya rasa har da riba. Idan babansa zai tafi da shi su yi kwana uku ko mako guda domin zumunci, ya bi 'yan'uwansa gona ya koyi langa, wannan abu ne mai kyau, amma a kira shi ziyara kuma ya zama ziyarar ce tsakani da Allah.

Abin da ƙauye yake da shi wanda ɗanki ya rasa ana iya kawo shi Samaru. Yaron can ruwa yake sha idan ya ji ƙishi, da ƙafa yake zuwa makaranta da aike, hatsin da yake ci ba a cire masa dusa duka ba, kuma tsakanin kalaci da kalaci ba kowane lokaci hannunsa yake cikin leda ba. Ki zauna ki lissafa yinin ɗanki daga asuba zuwa barci. Ina kyautata zaton zai fito kamar haka: shayi mai madara da garin cakulan da sukari tare da burodi, mota zuwa makaranta, zama a aji har azahar, darasin ƙari, mota zuwa gida, abinci a gaban talabijin, Islamiyya har kusan magariba, aikin gida, waya, barci a makare. A cikin wannan duka babu inda zufa ta fito masa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 a kullum na motsin da zai sa numfashinsa ya ɗaga, kuma ba sai a jere ba. Masana barci kuma suna cewa ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12, ƙarancin barci kuwa yana ƙara wa yaro kwaɗayin zaƙi da rana. Na san dalilin da ya sa iyaye suke kulle yara a gida a wannan zamani, kuma ba zan ce ki sake shi titi ba. Amma idan Islamiyyar cikin unguwa take, a daina kai shi a mota, ya bi sahun manyan yara da ƙafa. A samo masa keke ko ƙwallo ya buga a tsakar gida da ƙannensa. A ba shi shara da wankin mota da ɗaukar kaya daga kanti, ayyukan da gidajen ma'aikata suka sallama wa 'yan aiki har yaran gida suka zama 'yan kallo.

Kafin komai dai, ki kai shi wurin likitan yara. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kusa da ku, akwai kuma Cibiyar Lafiyar Yara ta asibitin da ke Banzazzau a cikin gari. Za a sake auna shi, a duba hawan jini, wataƙila a duba sukari da kitsen jini, a tambaye ki ko akwai masu ciwon sukari a danginki ko na babansa. Ki faɗa wa likita idan yana minshari mai ƙarfi ko yana gyangyaɗi a aji, ko yana kukan gwiwa. Ki kuma duba bayan wuyansa da hammatarsa. Na taɓa ganin wata uwa tana ba da labarin yadda take dirje wuyan 'yarta da soso da sabulun salo har fatar ta yi ja, tana zaginta da ƙazanta, alhali wannan baƙin da ke kwance a wuya mai laushi kamar karan-miski ba dauɗa ba ce, alama ce ta cewa jiki ya fara gajiya da sarrafa sukari. Kada ki ɓoye wa likita duk maganin da yaron ya taɓa sha na tsawon lokaci, musamman na asma ko na ƙara cin abinci, ko irin ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, domin wasunsu suna kumbura fuska da ciki. Abu ɗaya da zai ɗan kwantar miki da hankali shi ne tsayinsa bai gaza na sa'o'insa ba, ƙibar da ke zuwa daga ciwon wata halitta a cikin jiki kuwa galibi tana tafiya ne tare da gajarta. Hukuncin wannan dai na likita ne.

Shayin rage teɓa kada ya kusanci bakinsa. Yawancinsu zawo suke sawa ko yawan fitsari, ruwan jiki ne yake fita, kitsen yana nan, kuma ba a san abin da ke cikin da yawa daga cikinsu ba.

Idan za ki canza abu ɗaya tak a wannan watan, to ya zama abin sha. Robar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da sukari wajen giram 50, kimanin cokalin shayi 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, kuma ya fi kyau ya sauka zuwa kashi 5, wanda ga babban mutum ma bai wuce cokali 6 ba. Kin ga roba ɗaya ta ninka wannan. Harajin naira 10 a kowace lita da gwamnati ta ɗora wa irin waɗannan abubuwan sha a dokar kuɗi ta 2021 bai kai ya hana kowa saye ba, don haka shingen na gida ne. A nan ne bokonki zai yi miki rana: ki juya bayan kwalin ki duba giram nawa na sukari aka rubuta a kowace mililita 100, ki ninka da adadin mililita ɗari-ɗari da ke cikin kwalin, ki raba da 4, abin da ya fito shi ne yawan cokulan. Ki yi haka ga lemon kwali mai hoton 'ya'yan itace da yogot mai zaƙi, za ki sha mamaki. Kada kuma ki ɗauka na gargajiya ya kuɓuta, domin zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi na sayarwa ma cike suke da sukari. Idan a gida aka yi, a riƙa rage cokali ɗaya duk mako har harshe ya saba.

A abinci ba na so ki ware masa kwano dabam ko ki hana shi ƙoshi. Yaron da ake ƙirga wa loma alhali ƙannensa suna ci son ransu zai koyi sata daga tukunya da cin abinci a ɓoye. Tukunyar gidan ce za ta canza ga kowa. Mu Zage-zagi da ake yi wa ba'a da fate ai mun riga kowa, domin faten tsaki da aka cika wa rama ko alayyafo da wake yana ƙosarwa ba tare da ya tara maiƙo ba. Haka dambu da zogale, da alale, da ɗanwake idan ba a yi masa ambaliyar mai ba, da tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa. A rage soye-soye su koma na wasu ranaku, a bar malmala ɗaya madaidaiciya a yawaita miya da ganye, a sa gwaba ko lemon zaƙi ko yankan kankana ko dafaffen ƙwai a jakar makaranta a madadin biskit, kuma a ci abinci a zaune tare, talabijin a kashe. Tunda lokaci ne ya fi yi miki ƙaranci, ki riƙa dafa wake da haɗa miya a ƙarshen mako ki rarraba, wadda take taya ki aiki kuma ki zaunar da ita ki nuna mata abin da ake so, domin ita ce take riƙe da ludayi a lokacin da kike ofis.

Hajiya ita ce wurin da ya fi bukatar dabara. Matar da ta girma a zamanin da ƙyanda da tamowa suke kwashe yara, ta kuma ga farin 1973 da idonta ko ta ji shi daga bakin iyayenta, ba za ta kalli kumatun jikanta ta ga ciwo ba, arziki take gani. Lemon da take ba shi kuwa ƙauna ce, kuma idan kika ce mata ta daina, abin da za ta ji shi ne surukarta 'yar boko tana raba ta da jikanta. Ba bakinki ne zai faɗi wannan magana ba. Ɗanta ne zai faɗa, kuma ya fi kyau a tafi da ita asibiti ranar da za a ga likita, ta ji da kunnenta, domin tsofaffinmu suna girmama maganar likita, musamman idan aka ambaci ciwon sukari, wanda da wuya a ce ba ta san wata ƙawarta da yake wahalar da ita ba. Sannan kada a bar hannunta wayam. A ajiye mata gyaɗa dafaffiya ko goruba ko ayaba ko 'yan ƙwayoyin dabino a ɗakinta, ta ci gaba da kiran mijin nata tana ba shi wani abu daga hannunta. Shi kuma maigida, tunda ya nuna abin ya dame shi, ki karɓi damuwar ki bar zafin maganar, ki roƙe shi abu biyu: ya daina shigowa da lemo da dare, kuma ya riƙa tafiya masallaci da yaron da ƙafa, ranar Asabar su ɗan zaga unguwa ko su buga ƙwallo. Ɗa namiji a wannan shekaru abin da babansa yake yi ya fi kwaikwayo.

Shi yaron kada a riƙa tattauna jikinsa a gabansa, kuma sunan nan na makaranta kada ya shigo gida ko da wasa. Ki je ki ga malaminsa a keɓe a kan tsokanar, domin yaron da ya daina shiga ƙwallo saboda dariya ya rasa abin da ya fi bukata. Ki faɗa masa cewa gidan ne gaba ɗaya zai gyara ci da sha domin ƙarfi da lafiya, har da ke da Baba.

Kada kuma ki sa ran ganin kilo yana zuba. Ga yaron da yake kan girma, abin da likitoci suka fi nema shi ne nauyin ya tsaya ko ya rage gudu, tsayi ya kamo shi. A shekarunsa yaro yana ƙara kimanin santimita 5 zuwa 6 a shekara, don haka idan ya zauna a kilo 44 har shekara biyu, tsayinsa ya kai wajen 149, lissafin nan da ya ba mu 23 zai sauko ƙasa da 20 ba tare da ya rasa ko kilo ɗaya ba. Ki auna nauyinsa sau ɗaya a wata kawai, da safe, a sikeli ɗaya, ki rubuta a littafi ba tare da sharhi ba. Tsayin kuwa ki riƙa yi masa alama da fensir a jikin ƙofar ɗaki duk wata uku, shi da ƙannensa duka, ki tafi da littafin duk ranar da za ku koma wurin likita.